Kafin ku sayi kibod da linzami marasa waya

Jama'a, in kafaɗar dama na damunku bayan dogon zama gaban kwamfuta, ku nemi gajeren kibod, wanda ba shi da ɓangaren lambobi a gefen dama.

Wannan ɓangaren yana ƙara wa kibod faɗi da kusan tafin hannu guda. Sai linzami, wato mouse, ya koma can nesa, hannu ya wuni a miƙe. Da na koma gajere, linzamin ya dawo daidai kafaɗata, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari. Ba a yi sati biyu ba tsamin ya ragu.

Ƙananan ƙafafun nan biyu na ƙarƙashin kibod kuma ku kwantar da su. Ɗaga su na lanƙwasa wuyan hannu sama.

Linzami kuwa, ku sa mai shago ya buɗe kwalin ku ɗora hannu. In yatsunku sun zarce gaba, ya yi muku kaɗan, komai kyansa. Ni dai na fi son mai batirin AA, ba ruwansa da ɗauke wuta.

In kibiyar linzamin na tsalle-tsalle a kan allon kwamfuta, kada ku yi saurin cewa linzamin jabu ne. Ku cire ɗan abin nan da ke haɗa linzamin da kwamfuta daga ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, ku mayar wani ramin da ba irinsa ba. Mai shuɗin cikin yakan dagula siginar 2.4GHz da linzamin ke aiki da ita.

Amma in aikinku lissafi ne, kullum kuna zuba alƙaluma a Excel, gajeren zai ɓata muku lokaci. Ku sayi ɓangaren lambobin daban, ku ajiye shi hagu.