Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓar Giyar Hannu ga Tsofaffin Motocin Ƙarfi na Amurka

Daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin motocin Amurka sun yi ta cusa manyan injuna masu silinda takwas a cikin matsakaitan motoci: Pontiac GTO, Chevelle SS, Dodge Charger, Plymouth Road Runner, da ƙannensu irin su Mustang da Camaro. Yau masu sha'awa kan sayi gawar irin waɗannan motoci su tashe ta daga tushe, kuma da yawansu ba sa yarda su sake ɗaura otomatik, sai giyar hannu. A nan ne kuɗi ke yawan salwanta, domin mutum yakan zaɓi akwatin giya shi kaɗai, alhali ba shi kaɗai yake aiki ba. Inji na gabansa, aksil da taya na bayansa, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya.

Babban kuskure, wanda kusan sauran duk daga gare shi suka fito, shi ne sayen giya kafin a san lambar aksil ɗin baya. Wannan lamba, kamar 3.08 ko 3.55 ko 4.11, tana nuna sau nawa farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga akwatin giya zuwa aksil, za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. Ita ma kowace giya tana da tata lambar. In ka ninka lambar giya ta ɗaya da ta aksil, za ka san yadda motar za ta tashi daga tsaye. Masu harkar sukan nemi sakamakon ya faɗa wajen tara zuwa goma a motar da za a hau kan titi.

Ɗauki akwatin Muncie, wanda General Motors ta riƙa ƙerawa a garin Muncie na jihar Indiyana daga 1963 zuwa 1974. Samfurin M21 giyarsa ta ɗaya 2.20 ce. Ka haɗa shi da aksil 4.11, ka sami tara da ɗoriya, mota ta tashi garau. Ka haɗa shi da 3.08, ba ka kai bakwai ba. Duk tsayawa a danja sai ka yi ta lallaɓa kuloci kana ƙara totur, kafin a jima warin ƙonewar faranti ya cika maka hanci. Mai aksil 3.08 ko 3.31, M20 ne nasa, mai giyar farko 2.52. Haka abin yake a Toploader na Ford, wanda ke zuwa da 2.78 ko 2.32. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya ɗora giyar farko 3.27 a kan aksil 4.11 ya haura sha uku, giyar ta ɗaya ta zama ado kawai, kafin ya tsallaka mahaɗar titi inji ya fara ihu.

Gyaran ba wuya. A ɗaga bayan motar, a sa alli a jikin taya da farfela, a juya tayoyin biyu tare sau ɗaya ana ƙirga juyin farfela. Kada a dogara da abin da takardar mota ta ce. Motar da ta haura shekara hamsin ta bi hannaye da yawa, wataƙila an sauya aksil tun tuni.

Sai rigimar giya huɗu, biyar ko shida. Tsofaffin akwatuna masu giya huɗu, Muncie da Toploader da A833 na Chrysler na shekarun 1960, giyarsu ta ƙarshe ɗaya-da-ɗaya ce, wato yadda inji ya juya haka farfela ke juyawa. Da aksil 3.73 da taya mai tsayin inci 26, in kana gudun mil 70 a awa, kimanin kilomita 113, inji na juyi wajen 3,400 a minti. Awa biyu a haka, kunne ya gaji, tanki ya yi ƙasa. Giya ta biyar mai 0.68 tana sauko da shi zuwa 2,300. Wannan shi ya sa mutane ke rububin sababbin akwatunan kamfanin Tremec. Amma wasu sai su zarce gona da iri, su ce ai shida ta fi biyar. Akwatin Magnum na Tremec mai giya shida yana da samfurin da giyarsa ta ƙarshe 0.50 ce. Ka ɗora wannan a kan aksil 3.08, a gudun nan dai inji ya koma 1,400, kuma injin da aka sa wa kamshaf irin na tsere ba ya son wannan wuri ko kaɗan, sai fizga da tari. An biya kuɗin giyar da ba za a taɓa shiga ba. A ganina, yawancin motocin nan giya biyar ta wadace su. Ta shida sai mai aksil 3.90 ko 4.11 da ke cin doguwar hanya.

Akwai kuma masu neman araha su ɗauko akwatin T5 mai giya biyar daga Mustang ta shekarun 1980 ko farkon 1990. Akwati ne mara nauyi, mai daɗin canji, amma ƙarfin murɗar da aka ƙera shi ya ɗauka yana wajen 300 ne a ma'aunin lb-ft na Amurkawa. Injin 454 LS6 na Chevelle ta 1970 yana ba da 500, Hemi 426 na Chrysler kuma 490. Ɗaura T5 a bayansu kamar aza wa jaki kayan raƙumi ne. TKX mai giya biyar da Tremec ta fitar a 2020 yana ɗaukar 600, Magnum 700. Kuma tayar da ke kama kwalta sosai ta fi mai santsi karya giya, domin ƙarfin ba shi da wajen zurarewa.

Samfurin M22 na Muncie, wanda ake yi wa kirari da mai farfasa duwatsu, mutane na sayensa don suna. Haƙoransa ba su karkata sosai ba, shi ya sa yake da ƙarfi, shi ya sa kuma yake kuka. Wanda bai taɓa jin kukan ba ya nemi a ɗauke shi a mota mai shi kafin ya biya.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne akwati ya iso, a ɗaga shi, ya ƙi shiga. Ramin da ke tsakiyar ƙasan waɗannan motoci an yi shi ne daidai da siririn akwati mai giya huɗu. Magnum sai an yanka bodi an yi walda a mafi yawansu, tsohon akwatin TKO na Tremec ma yakan taɓa sama. TKX an rage masa jiki ne saboda wannan matsala. Kafin a kunna injin yanka, a tuna cewa motar da lambar akwatinta ta yi daidai da ta bodinta ta fi daraja a kasuwa. Ko an sauya, a ajiye na asalin a ɗaki. A duba kuma inda sandar giya za ta ɓullo, don mota mai doguwar kujerar gaba ba ta yafe kuskuren inci biyu.

Ƙananan kayan haɗi su ne ke cinye kasafi, kuma duk bakaniken da ya taɓa mayar da otomatik zuwa manuwal a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya san da haka. Sandar da ke shiga farantin kuloci tana da tsaga goma ko ashirin da shida a motocin General Motors. A Chrysler, sha takwas ga Hemi, ashirin da uku ga akasarin sauran. Faranti dole ya dace da ita. Filawil ma ba kowanne ba: ƙaramin injin Ford 302 ya sauya nauyin daidaitonsa daga oza 28 zuwa 50 a farkon shekarun 1980, injunan Chevrolet 400 da 454 su ma suna da nasu na daban. Ka sa wanda ba shi ba, inji ya yi ta karkarwa har ya cinye kansa. Wasu injunan Chrysler da suka fito da otomatik ba a gama huda gindin karanshaf ɗinsu don bushin da ke riƙe kan sandar ba, gara a leƙa tun inji na ƙasa. Ga fedar kuloci, ga gadar da ke tallafe akwati, ga farfela da za a rage wa tsawo, ga wayar mitar gudu.

Akwai aiki ɗaya da gaggawa ke sa a tsallake: auna daidaiton ƙwaryar da ke rufe kuloci. Ana kafa agogon awo a jikin karanshaf ko filawil, a sa harshensa a bakin ramin ƙwaryar, a juya inji a hankali da hannu ana kallon allura. Kaucewar tsakiyar ramin daga tsakiyar karanshaf bai kamata ta wuce inci 0.005 ba. In ta wuce, akwai turaku masu karkataccen kai da ake sauya na asali da su har ta dawo. Tsofaffin akwatuna sukan haƙura da ɗan kuskure, sababbin ba sa haƙuri. Giya ta yi tauri, ko ta riƙa fita da kanta, mai mota ya yi ta zagin kamfani. Bayan an ɗaura, a auna kwanar farfela ta gaba da ta baya, su zo kusan ɗaya, kowacce tsakanin digiri ɗaya zuwa uku, in ba haka ba girgiza za ta bayyana a babban titi.

Mai kuma, ba kowane man giya ba ne. Muncie da Toploader man giya mai kauri suke sha, kuma masu gyaransu da yawa sun fi son nau'in GL-4 saboda zobban tagullar da ke ciki, masu daidaita juyi lokacin canjin giya. T5 na baya-bayan nan da Magnum kuwa siririn man otomatik irin Dexron suke so. Wanda ya ɗura musu mai kauri don yana ganin ai giyar hannu ce, da safe zai sha fama kafin ta biyu ta shiga, kuma zobban ba za su daɗe ba.