Yadda ake neman zinare da azurfa da ditekta a bakin teku, da yadda zaka gane baƙin ƙarfe tun kafin ka tona

Duk wanda ya saba yawo da ditekta, wato na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa, a tudu, ranar da ya fara taka jiƙaƙƙen yashin bakin teku zai ɗauka na'urarsa ce ta lalace, ƙara ta ko'ina, lambobi na ta tsalle a sikirin, ka tona ka ga wayam. Lafiyarta ƙalau. Ruwan gishiri ne, yana ɗaukar lantarki, shi yasa na'urar take jin yashin gaba ɗayansa kamar akwai ƙarfe a ciki. Ga gishiri ga kuma ƙusoshi da marafan kwalba da guntayen waya da teku ke tarawa, waɗannan biyun su ke sa mutane da yawa su haƙura tun ba'a je ko'ina ba, alhali abu ne da ake koya.

Fara da duba irin na'urar da ke hannunka. Mafi yawan ƙananan ditektoci irin da ake kira VLF ne masu firikwensi ɗaya, wato siginal iri ɗaya tak suke turawa cikin ƙasa, a busasshen yashi suna aiki sosai, amma da ka sauka inda ruwa ke taɓawa sai sun rikice. Akwai irin da ake kira PI masu harba siginal bugu-bugu cikin ƙasa, su gishiri baya damunsu kuma suna jin abu mai zurfi, matsalarsu basu iya bambance ƙusa da zobe ba, kusan komai sai ka tona. Sai masu haɗa firikwensi da yawa a lokaci ɗaya irinsu Minelab Equinox da Excalibur II da XP Deus II da Nokta Legend, a ganina su ne suka fi dacewa da mai son ya yi aiki a jiƙaƙƙen yashi kuma ya riƙa gane baƙin ƙarfe. In mai firikwensi ɗaya gareka kada ka karaya, ka tsaya a busasshen yashi inda mutane ke shimfiɗa tawul suna zama, a nan tsabar kuɗi da makullai da 'yan kunne ke zuba. Sannan ka tabbatar ko akwatin na'urar na jure ruwa, dan da yawa faifan nan na ƙasa da ake bi da shi kan yashi ne kawai ke shiga ruwa, akwatin kuwa igiya ɗaya ta watsa masa shikenan.

Kayan aiki basu da yawa. Shebur na yashi mai huji-huji kamar rariya mai dogon hannu, hedifon saboda ƙugin teku da iska suna danne ƙaramar ƙara, safar hannu saboda ƙugiyar kamun kifi da fasassun kwalabe, jakar zuba shara, da ɗan maganaɗisu da zaka maƙala a cikin shebur ɗin. Kuma kafin ka fita ka tambayi dokar wurin, wasu gaɓoɓin sai da izini, wasu an hana sam, musamman wuraren tarihi.

Lokaci kuma shine rabin aikin. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa na cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa wajen awa 6 da 'yan mintuna. Ka duba jadawalin ruwan wurin a waya, ka isa kamar awa 2 kafin ya kai ƙarshen janyewa sai ka riƙa binsa yana sauka. Kwanakin sabon wata da na cikar wata ruwa yafi ja da baya, yana buɗe maka filin da sauran ranaku ke rufe. Bayan guguwa kuma in ka ga teku ta yanke yashi ta bar gaɓa kamar matakala, kada ka wuce baka duba gindin wannan yankan ba.

Dalilin haka nauyi ne. Zinare zalla ya ninka ruwa nauyi sau 19, dalma sau 11, azurfa sau 10 da rabi, alminiyam kuwa bai kai sau 3 ba. To abu mai nauyi nutsewa yake yi cikin yashi har sai ya tarar da wuri mai tauri, laka ko tsakuwa ko tarin ɓawon katantanwa, marar nauyi kuma igiya ta yi ta yawo da shi a sama. Saboda haka in ƙafarka na lumewa cikin yashi mai laushi kuma abin da kake tonowa duk takardar alminiyam ce, bar wurin, sabon yashi ne ya binne komai. In ƙasa ta yi tauri kana ganin tsakuwa, ka fara fito da dalmar masunta da tsofaffin tsabar kuɗi da suka yi kore, toh ka rage sauri ka tsefe wurin nan da kyau, inda dalma ta kwanta nan zobe ke kwanciya.

Wajen saiti, ka saka na'urar a tsarin bakin teku in tana da shi, ka daidaita ta da ƙasa a kan jiƙaƙƙen yashin da zaka yi aiki, ka ɗaga faifan kana saukewa a inda ba ƙarfe har ta yi shiru. In ka ga baƙin yashi a wurin, ma'adinin ƙarfe ne a cikinsa, sai ka sake daidaitawa. Ƙarfin ji kuma kada ka ƙure shi, ka yi ta ragewa har surutun banza ya tsaya, na'urar da ta natsu tafi wadda ke ihu amfani nesa ba kusa ba. Abu ɗaya da ya kamata ka sani, siginal ɗin gishiri da na siririyar sarƙar zinare kusan wuri ɗaya suke faɗowa, dan haka tsarin da ke danne gishiri yana iya danne ƙaramin zinare, wannan haƙuri ake da shi.

Tafiya a hankali, faifai dab da yashi kuma a kwance, kada ka riƙa ɗaga shi a ƙarshen kowane lilo dan nan ƙarar ƙarya ke fitowa. Kowane lilo ya hau kan rabin na baya. Ka ja shebur a bayanka ya bar layi dan ka san inda ka riga ka bi.

Yanzu ga babbar maganar. Na'ura tana auna yadda abu ke ɗaukar lantarki ne da kuma ko maganaɗisu na kama shi, sai ta baka lamba da ƙara. A Equinox 600 da 800 lambobin daga -9 zuwa 40 ne, baƙin ƙarfe na zama daga -9 zuwa 0. A na'urori masu 0 zuwa 99 ƙarfe na ƙasa, azurfa da jan ƙarfe na can sama. Zinare fa? Yana tsakiya, cikin jerin takardar alminiyam da mabuɗin gwangwanin lemo, ƙaramin zobe a ƙasa-ƙasa babba ya ɗan hau. Wannan shine abin da nake so ya zauna maka ɗan'uwa, duk wanda ya toshe lambobin alminiyam dan ya huta da tonon shara to ya toshe zobban zinare tare da su, babu na'urar da zata raba maka su. Abu ɗaya tak zaka iya tsallakewa da kwanciyar hankali shine baƙin ƙarfe, sauran duk tonowa ake.

Kuma shi ma ƙarfen kada ka kashe ƙararsa gaba ɗaya, ka barta tana fitowa ƙasa-ƙasa, dan wannan gurnanin shi ke tona masa asiri. Ƙarfe na yin ƙarya, lanƙwasasshiyar ƙusa, washa mai huji a tsakiya da ake sawa jikin noti, marfin kwalba da ya yi tsatsa, babban guntun ƙarfe mai zurfi, duk suna iya baka ƙara mai daɗi da lamba mai sama. In ka kashe gurnanin, ƙarar mai daɗin kawai zaka ji ka yi ta tono a banza.

Da ka ji siginal ka tsaya, ka yi gajeren lilo a kansa hagu da dama. Abu mai kyau ƙararsa a dunƙule take, gajera, iri ɗaya a zuwa da dawowa, lambar ma bata wuce motsin ɗaya ko biyu. Sai ka zagaya ka tsaya ta gefe yadda lilonka zai gitta na farko, ka sake gwadawa. Zobe ko tsaba zasu amsa maka ta kowace fuska, ƙusa kuwa ta wannan gefen ta yi waƙa ta wancan ta yi gurnani ko ta yi tsit, lambar kuma ta yi ta tsalle daga sama zuwa ƙasan sifili. A na'urar PI ƙusa ko waya in ka bi tsawonta sau biyu take ƙara, tit-tit, wannan alama ce mai ƙarfi.

Marfin kwalba yafi wahala dan zagaye ne kamar tsaba. Dabarar ita ce ka riƙa ɗan karkaɗa faifan kana ja da shi baya a hankali har abin ya koma bakin faifan, in marfi ne a gefen nan zaka ji gurnanin ƙarfe ya fito, tsaba kuwa ƙararta a tsabtace zata ɓace. Babban abu kuma ka ɗaga faifan sama kana lilo, in ka ɗaga kusan taƙi biyu har yanzu yana amsawa da ƙarfi to gwangwani ne ko wani ƙaton ƙarfe. Haka in ka danna maɓallin nuna daidai wurin abu ka ga tsakiyarsa ta kauce daga inda ka ji ƙara mai daɗin, yawanci bakin ƙusa ne ya ruɗe ka.

Amma fa akwai inda dokar nan ke karyewa. Abu mai zurfi sosai siginal ɗinsa rauni gareshi, lambar na iya zamewa ta koma ta ƙarfe ko da zinare ne, haka zoben da ya kwanta kusa da ƙusa ƙararsu cakuɗewa take. In ƙarar siririya ce amma tana maimaituwa a wuri ɗaya, ka kwashe shebur ɗaya ko biyu na yashi ka sake ji, in ta ƙara kyau ci gaba, in gurnani ya ƙaru ka rufe ka wuce. A jiƙaƙƙen yashi tono baya cin minti ɗaya, dan haka in kana kokwanto ka tona.

Wajen tonon ka sa bakin shebur ɗan bayan abin kada ka kankare shi, ka yi sauri dan ramin na cika da ruwa kuma abu mai nauyi ƙara nutsewa yake. Ka zubar da yashin gefe ka bi da faifai, ko ka girgiza shebur ɗin cikin ruwa. Maganaɗisun nan zai cafke ƙananan guntayen ƙarfe. Ka rufe raminka, ka tafi da sharar da ka tono dan kada gobe ka sake tono ta. In ka ci karo da wani abu mai kama da harsashi ko bom mai tsatsa kada ka taɓa, ka ja baya ka sanar da hukuma. Kuma idonka na kan ruwa, in ya fara dawowa sauri gareshi.

Abin da ka fito da shi launinsa zai fara gaya maka. Zinare na fitowa da ƙyallinsa ko ya daɗe, azurfa na yin baƙi, jan ƙarfe da tagulla kore, ƙarfe kuma ya kumbura da tsatsa yashi ya manne masa. Duba cikin zoben, 375 ko 585 ko 750 ko 916 hatimin zinare ne, 925 azurfa. In maganaɗisu ya kama shi ba zinare bane, amma rashin kamawar baya tabbatar da komai sai maƙeri ya gwada. Zoben da ke da suna ko kwanan wata a ciki mai shi na can yana jimami, ka yi cigiya.

Da ka koma ka wanke faifai da sanda da shebur da ruwan daɗi, ka cire murfin ƙasan faifan ka zubar da yashin da ya maƙale, dan jiƙaƙƙen yashi mai gishiri a wurin shi kaɗai ya isa ya sa na'urar ta yi ta ƙarar ƙarya a fita ta gaba.