Shi da gida, ita da gida, kowanne da bashi a kai: kurakuran da ake yi wajen tarewa

A Abuja yanzu ba abin mamaki ba ne a ɗaura auren ma'aikata biyu, galibi bazawari da bazawara, kowa da gidan da ya samu ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, da aka kafa a 1992. Bashin yana da sauƙi, ruwa kashi 6 cikin ɗari, biya har shekara 30, amma duk wata sai an cire daga albashi. Ana watsewa daga walima tambaya ta taso: ina za a tare?

Mafi yawa bakin mutane ke yanke musu hukunci. Gidan ango yana Mararaba can wajen Abuja, na amarya yana Gwarimpa cikin birni, dukansu kuma a Sakatariyar Tarayya suke aiki. Don gudun kada a ce masa mijin Hajiya, sai ya kwashe iyali zuwa Mararaba. Daga nan fita ta koma da an sallame Asuba, yara na gyangyaɗi a bayan mota da kular shayi a cinya, a tsaya cik a cunkoson Nyanya, a dawo bayan Isha'i. Gaskiya ne samar da muhalli haƙƙi ne a kan miji, amma yana iya sauke shi ta hanyar biyan matarsa kuɗin haya a gidanta, a kan adadin da suka amince. Mai biyan haya ba ɗan alfarma ba ne, masu gori kuma ba su za su sa masa mai a mota ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne cakuɗa kuɗi babu rubutu. Sun zauna a gidanta, shi ya ɗauki biyan bankin wata-wata, ya ja katanga, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ƙara ɗaki a baya. Takarda kuwa sunanta kaɗai ta sani. Ranar da ta Allah ta kasance, idan tana da ɗa, rabon miji rubu'i ne, sauran na 'ya'yanta da iyayenta, kuma sai an biya ragowar bashin banki kafin a raba. Idan a gidansa aka zauna tana zuba albashinta, nata ya fi muni: tumunin takaba ne idan yana da 'ya'ya, idan da kishiya ma su raba shi. A nan za ka ji ana "ai ni na biya", magada su ce ina shaida. Balle a zo batun saki.

Gyaran ba wuya, kunya ce kawai ke hana shi. Duk kuɗin da ya fita daga hannun ɗaya ya shiga gidan ɗaya, a ba shi suna tun farko: kyauta ne, rance ne, haya ce, ko sayen kaso? A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga danginta ɗaya daga nasa, a riƙa turawa ta banki ana bayyana dalili. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka "kina zargina ne?" ba hujja ba ce.

Sai gidan da aka bari. Ana lissafa cewa haya za ta biya bashinsa, a manta da la'adar dillali, da fenti, da watannin da zai zauna babu kowa. Haya dunƙule take zuwa sau ɗaya a shekara, banki kuwa kowane wata yake cira. In ba a ware mata asusu daban ba, hidimar Sallah za ta lashe ta. A duba yarjejeniyar bashin ko ta yarda a sa ɗan haya. A kuma tuna cewa a Abuja mai hayar shekara sai an ba shi notis na wata shida, ba ranar da aka buƙaci gidan zai fita ba. Ɗan'uwan da aka sa "ya riƙe gida" ya fi shi wuyar fitarwa.

Gaggawar sayarwa ma kuskure ce, musamman mace ta sayar da nata don a ƙarasa biyan na miji. Bashin bankunan kasuwa ruwansa ya haura kashi 20, wanda ya saki na kashi 6 da wuya ya sake samun irinsa. In sayarwar ta zama dole, a bari a yi shekara guda da tarewa tukuna. Takardun gidan suna hannun banki, sai an biya shi zai sake su, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna, a Abuja kuwa minista. Wanda ya sayar ta hannun dillali da 'yar takardar yarjejeniya, a kan mai saye ya ci gaba da biyan banki, sunansa na nan a kan bashin, kuma albashinsa za a ci gaba da yanka duk watan da wancan ya ƙi biya.