Darasi na Shida: Abin da Ke Motsa Abu da Abin da Ke Tsayar da Shi

Duk wanda ya taɓa tura baro cike da kaya ya san cewa wahalar tana wajen tayar da shi, domin da zarar tayar ta fara juyawa aikin yakan yi sauƙi, sannan idan an zo tsayawa sai kayan su riƙa fizgar mutum gaba kamar suna da nufin kansu. Hannunmu ya daɗe da sanin wannan, ko da bakinmu bai iya bayyana dalilinsa ba. Dalilin ne za mu koya a wannan darasi, kuma ba mu buƙatar komai sai kofi, da ɗan kwali, da ɗan lissafi kaɗan.

A wurin masana kimiyya, kalmar ƙarfi tana nufin turawa ko jawowa. Kowane ƙarfi yana da girma, yana kuma da inda ya dosa. Idan mutum biyu suka kama igiya ɗaya, wannan yana ja gabas wancan yana ja yamma, kuma ƙarfinsu ya zo ɗaya, igiyar ba za ta gusa ba ko da duka biyun sun jiƙe da gumi. Abin lura a koyaushe shi ne ragowar ƙarfin da ya saura bayan wani ya kashe wani.

Kuskuren da ya daɗe

Aristotil, masanin ƙasar Girka wanda ya rayu fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya koyar da cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai da mai tura shi. Ba za a ga laifinsa sosai ba, domin abin da ido ke gani ke nan: ka saki baro, baro ya tsaya. Amma maganar tana da gyambo, tunda dutsen da aka jefa yana ci gaba da tafiya bayan ya rabu da hannu. Ibn Sina, masanin Musulmi wanda ya rasu a 1037, yana cikin waɗanda suka yi tunanin cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata a jikinsa, wanda ba zai ƙare ba sai wani abu ya tare shi. Daga baya Galileo na ƙasar Italiya ya gwada lamarin da ƙwallaye da allunan katako masu gangara. Ya lura cewa ƙwallon da ta gangaro daga allo ɗaya takan hau na biyu har kusan tsayin da ta baro, kuma idan aka kwantar da allo na biyu kaɗan sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta kai wannan tsayi. Sai ya yi tambayar da ta warware ƙullin: idan aka shimfiɗe allon gaba ɗaya, kuma yana da santsi matuƙa, me zai tsayar da ita?

Ishaq Newton na Ingila ne ya tsara amsar a littafin da ya wallafa a 1687. Dokarsa ta farko ta ce abin da yake tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da yake tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da saurin da yake kai, sai fa idan wani ƙarfi ya shigo daga waje. Aikin ƙarfi ke nan: sauya tafiya, wato ƙara sauri, ko rage shi, ko karkatar da hanya. Wannan hali na ƙin sauyi masana sun ba shi suna daga kalmar Latin mai ma'anar lalaci, saboda haka a nan za mu kira shi ƙyuya, da sharaɗin mu tuna cewa ƙyuyar tana da fuska biyu, ta ƙin tashi da ta ƙin tsayawa.

To, me ya tsayar da baron? Gogayya ce. Duk inda abu biyu suka haɗu suna gugar juna, akwai ƙarfin da ke adawa da tafiyar, kuma iska ma tana da nata. Ƙwallo ɗaya za ta tsaya da wuri a kan yashi, ta yi nisa a kan siminti, ta fi nisa a kan ƙanƙara. Inda babu gogayya kusan gaba ɗaya, tafiya ba ta ƙarewa: kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yau yana nausawa cikin sararin samaniya da saurin kimanin kilomita 17 a daƙiƙa ɗaya, ba tare da wani inji yana tura shi gaba ba. Kada dai a ɗauki gogayya abokiyar gaba, domin ba don ita ba da tafin ƙafa bai kama ƙasa ba, da birki ma bai yi aiki ba.

Mu gwada da hannunmu

A ajiye kofi a kan tebur, a rufe bakinsa da ɗan kwali mai santsi, a ɗora tsabar kuɗi guda ɗaya a tsakiyar kwalin. Da farko a ja kwalin a hankali; za a ga tsabar ta bi shi, domin gogayya ta sami lokacin jan ta. A mayar da komai yadda yake, sannan a ɗalle gefen kwalin da yatsa da sauri. Kwalin zai yi tsalle ya faɗi can, tsabar kuwa ta faɗa cikin kofi ƙwal, domin ba a ba ta lokacin tashi daga inda take ba. Mai gyaran guduma ma da wannan dokar yake aiki ko bai san sunanta ba: idan kan gudumar ya yi lako-lako, sai ya buga gindin ƙotar a kan dutse, ƙotar ta tsaya nan take, kan kuma da yake yana kan tafiya sai ya ƙara nutsewa ya kama gam.

Doka ta biyu da lissafinta

Doka ta biyu tana gaya mana yawan sauyin da ƙarfi zai kawo. Ana auna ƙarfi da ma'aunin da aka sa wa sunan Newton, kuma newton ɗaya shi ne ƙarfin da zai ƙara wa abu mai kilo ɗaya saurin mita ɗaya a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa. Hanyar lissafin ita ce a raba ƙarfin da kilon abin. Idan ragowar ƙarfin newton 20 ne, abin kuma kilo 10 ne, saurinsa zai riƙa ƙaruwa da mita 2 a daƙiƙa; idan aka ɗora kaya ya zama kilo 40, ƙaruwar za ta koma rabin mita kawai. Haka abin yake wajen tsayawa, shi ya sa babbar mota mai lodi take buƙatar fili mai tsawo kafin ta tsaya.

A nan ya kamata a dakata sosai, domin lissafin ya shafi rai. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma wannan shi ne saurin da mutum zai kai idan ya faɗo daga tsayin mita 10. Idan motar ta daki bango ta tsaya, jikin wanda ke ciki bai tsaya ba, yana nan a kan mita 14 ɗinsa har sai wani abu ya tare shi, ko bel, ko sitiyari, ko gilashi. Mu ɗauki jariri mai kilo 10 da aka rungume a cinya, mu ce tsayawar ta ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ƙarfin da ake buƙata don riƙe shi ya kai newton 1,400, daidai da ɗaga kaya mai kilo 140 farat ɗaya, kuma babu hannun da zai iya haka komai kaifin ƙauna. Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙirƙira wa kamfanin Volvo a 1959, yana raba wannan ƙarfi a kan ƙasusuwa masu ƙwari, yana kuma ɗan tsawaita lokacin tsayawar. Direba ya kuma riƙe cewa idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkawa sau huɗu ne.

Doka ta uku gajeriya ce: idan ka tura abu, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Wanda ya yi tsalle daga ƙaramin kwalekwale zuwa gaɓa zai ga kwalekwalen ya ja da baya.

Akwai ƙarfi guda da bai taɓa barin mu ba, wato jan da ƙasa take yi wa komai. Wasu kan kira shi maganaɗisun ƙasa, amma sunan yana ruɗarwa, tunda maganaɗisu ba ya jan itace ko ruwa, wannan kuwa bai bar kowa ba. Yana ƙara wa abin da ke faɗowa saurin mita 9.8 a kowace daƙiƙa, babba ne ko ƙarami, in dai iska ba ta sa baki ba. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a duniyar wata, inda babu iska, suka dira lokaci ɗaya.

Kafin darasi na gaba, kowa ya ɗauki takarda biyu iri ɗaya, ya dunƙule ɗaya ya bar ɗayar a buɗe, ya sake su tare daga tsayin kafaɗa. A rubuta a littafi wadda ta riga isa ƙasa, sannan a bayyana da jimla biyu ko uku wane ƙarfi ne ya kawo bambancin, alhali nauyinsu ɗaya.