Ku da kuka iso Suwidin bana, ku zauna a sha fika

Ranar da na fara sayen kan sarki a Sitokhom don in aika wasu takardu, aka miƙo mini wanda ke ɗauke da hoton kek da kofin gahawa. Na tsaya ina jujjuya shi. A wurinmu hoton manya da manyan gine-gine ake sa wa kan sarki, su kuwa har abin taɓawa sun sa. Sai da na sha wuya kafin na gane girman abin a wurinsu, kuma ga shi ina ganin ƙannenmu suna bin sawuna.

Sunan abin fika. A yawancin wuraren aiki ana ajiye komai da hantsi ko bayan azahar, a zauna a sha gahawa. Kanelbulle shi ne na kullum, naɗaɗɗen burodi mai kirfa, har rana aka ware masa, 4 ga Oktoba, tun 1999. Semla mai kirim tana fitowa a hunturu, lussekatt mai za'afaran kuma wajen 13 ga Disamba. Koren nan da ake kira dammsugare ɗanɗanon arrak, wata irin barasa, ake sa masa, wasu kek ɗin kuma suna da jelatin, wanda akan samo daga jikin dabbobi har da alade, don haka ka tambaya kafin ka ci. Ba mai jin haushi. Idan ba ka shan gahawa ka karɓi shayi, idan kana azumi ka zauna a yi hira da kai.

Lambar shaidar mazauni, personnummer, daga hukumar haraji ta Skatteverket, da ajin koyon harshen ƙasar na baƙi, SFI, ba su ba ni wahala ba. Ka cike takarda, ka jira. Gida ne ya kusa kore ni daga ƙasar.

Layin samun gidan haya a Sitokhom na shekaru ne, shi ya sa sabon zuwa yake faɗawa hayar hannu na biyu, andrahand, wato ka karɓi haya daga mai riƙe da gidan, ba daga masu ginin ba. Na sami wani mutum a intanet, ya nuna mini ɗaki mai tsabta, ya ce in ba da kuɗin wata uku a gaba. Na bayar, babu yarjejeniya a rubuce, don na ga dattijo ne mai fara'a. Ya hana ni rajistar adireshina a gidan, ya ce in bari tukuna. Ashe bai nemi izinin masu ginin ba, alhali doka ta ce sai da izininsu. Wasiƙun hukuma suka riƙa zuwa tsohon adireshi, ban sani ba. Cikin Janairu, da ƙarfe uku da rabi na yamma duhu ya riga ya rufe gari, ya ce in kwashe kayana cikin mako guda. Har yau ina tuna yadda tayar akwatina take maƙalewa a ƙanƙara ina ja zuwa tashar jirgin ƙasa. Kuɗina bai dawo ba. Ƙanina, kada ka biya ko krona ɗaya sai ka ga izinin a rubuce, an sa hannu a yarjejeniya, an kuma yarda ka yi rajista a gidan. Kuma ka shiga layin gida tun da wuri.

Duk watannin nan ban taɓa zama fika ba. Ina ganin ɓata lokaci ne, sai in tsaya kan aikina don a ga ƙoƙarina. Abokan aikina kuwa gani suke ina gudunsu. Ranar da na zauna don gajiya, wata dattijuwa abokiyar aiki ta tura mini faranti, ta tambaye ni inda nake kwana. Kafin sati biyu ta haɗa ni da ƙanwarta mai ɗaki, komai a rubuce.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga yaro ya iso jiya yana cewa mutanen nan ba su da sakin fuska, alhali sau biyu a rana suna kiransa teburi yana ƙi. Ba za su tare ka a titi da gaisuwa irin tamu ba, a kan kofin nan suke buɗe baki.

Matanmu na nan sun riga mu gane wannan, Allah ya saka musu. Idan layin kawo abin fika na Juma'a ya zo kansu, cincin da dubulan suke kaiwa, farantin kuma ya dawo wayam. Kai ma idan naka ya zo ka kai wani abu, ko na kanti ne. Kuma in saura guda ɗaya a faranti, raba shi biyu ake yi, a bar wa wani rabin.