Yadda Za Ki Gano Abin da Kwastoma Ba Ta Faɗa Ba Kafin Ki Tsara Tallar Atamfa da Leshi

Yawancin masu fara sayar da atamfa da leshi a WhatsApp da Instagram hanya ɗaya suke bi. A saro kaya daga Kantin Kwari, a shimfiɗa a kan gado, a ɗauki hoto, a rubuta suna da farashi, a jera hoto talatin a sitatus, a zauna jiran ciniki. Mutane su kalla su wuce, uku su tambayi kuɗi, ɗaya ta ce "zan yi shawara", daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Sai mai kaya ta ce ai babu kuɗi a gari, ta yi ta ragi har ta cinye ribarta ta taɓa uwar kuɗi. Alhali macen da ta tambayi turmin atamfa tana da na sawa a akwati. Akwai wani ido da take tunani, na dangin miji ne, ko na ƙawaye, ko na kishiya, kuma ba za ta faɗa miki ba. Wannan idon shi za ki nemo, don shi ake yi wa talla.

Mataki na farko: koma kan tsofaffin hirarrakinki

Kada ki biya ko sisi na talla tukuna. Buɗe wayarki ki zaɓi hira arba'in, rabi na waɗanda suka saya, rabi na waɗanda suka yi shiru. Na masu shirun sun fi amfani. Ki samu littafi, ba waya ba, ki ja layi uku: abin da ta tambaya, taron da za ta yi idan ta ambata, da maganarta ta ƙarshe kafin ta biya ko ta ɓace. Ki kwafe maganar yadda ta faɗe ta, kada ki gyara. "Ba na son wadda ta yi yawa a gari." "Ba ta zuba dai ko?" "Kin tabbata irin ta hoton ce?" "Bari Abbansu ya dawo." Saƙon murya kuwa ki saurare shi sau biyu, na biyun ki bar kalmomin ki bi muryar: ina ta yi sauri, ina ta ja numfashi, ina ta yi dariyar da ba ta da dalili. Kafin ki kai hira ta ashirin za ki ga magana huɗu ko biyar ne suke ta maimaituwa.

Mataki na biyu: fassara maganar, ki gano waye a bayanta

Nan ne ake faɗuwa, don haka nan za mu daɗe.

Ɗauki "ya yi tsada". Kalma ɗaya ce amma mata uku ne ke faɗinta. Ta farko da gaske kuɗinta bai kai ba, kuma za ki gane ta domin ita da kanta za ta ce "babu mai sauƙi?" Ta biyu tana da kuɗin, tsoro take ji: ta taɓa tura kuɗi aka toshe ta, ko aka kawo mata abin da bai yi kama da hoto ba. Alamarta ita ce tambayar ina shagonki yake, ko za a iya biya bayan kaya sun iso. Ta uku kuwa ba ke take faɗa wa tsadar ba, tana gwada yadda za ta kare kuɗin a gaban maigida ne. Idan kika rage wa ta biyu farashi kin ƙara mata zargi, don za ta ce lallai kayan na da aibu. Ta uku kuma ba ragi take buƙata ba, dalili take nema da za ta kai gida: wannan tana jure wanki, za a sa ta sallah a kuma sa ta a suna.

Lefe ya fi komai nuna wannan. Sau da yawa ba ango ne ke zaɓe ba, yayarsa ce ko ƙanwar mahaifiyarsa. Ita ba ita za ta ɗaura ba, amma ita za ta zauna a tsakar ɗaki ranar kai lefe, dangin amarya suna ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya suna duba bakin atamfa suna ƙirgawa. Abin da ke ranta shi ne ta fita kunya. Ba za ta ce miki kuɗin da ango ya bayar bai kai ba, sai dai ta yi ta tambayar farashin sufa, ta koma kan matsakaiciya, ta sake dawowa kan sufa. Idan kika ga wannan kai-komo, kada ki tura mata ƙarin hotuna. Ki ce, "Anti, bari in haɗa miki yadda akwatin zai yi kyau idan an buɗe," ki tsara mata 'yan manya ƙalilan da za su zauna a sama, leshi mai nauyi ɗaya ko biyu, sauran matsakaita masu kala da ba za a raina ba. Ki ba ta haɗi uku ta zaɓa, kuma kada ki kira ko ɗaya "na masu ƙaramin ƙarfi". Ki sa musu lamba kawai.

Mai fitar da anko damuwarta daban ce. Tsoro biyu take ɗauke da su: ƙawaye su yi ta gunaguni a bayan idonta cewa ta tsawwala, ko kuma kaya su yanke a tsakiya a kawo zubi na biyu kalarsa ta ɗan bambanta, hoton biki ya fito rabi da rabi. Wadda ta ce mata "turmi nawa kike sa ran za a ɗauka, in riƙe miki daga dila ɗaya?" ta riga ta ci cinikin kafin a yi maganar kuɗi. Uwa mai sayen kayan sallah kuma agogo take kallo, don ta san da an shiga goman ƙarshe na azumi teloli sun daina karɓar ɗinki, kuma ba ta so 'ya'yanta su fita idi a raina su a cikin yaran unguwa. Sai magidanci mai mata biyu. Shi ba ruwansa da zane ko yayi. Abin da yake so a ba shi kala biyu masu daraja ɗaya da zane daban, yadda babu wadda za ta ce an fifita wata. Ki faɗa masa haka kai tsaye, "Alhaji, kuɗinsu ɗaya, kamfaninsu ɗaya," za ki ga ya biya bai nemi ragi ba.

Ki lura, kusan duka waɗannan gudun wani abu ake yi, ba neman wani abu ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba ko da girmansu ɗaya ne. A kasuwar biki asarar da ake tsoro ba ta naira ba ce, gori ne, kuma gorin lefe yana iya bin mace shekaru.

To yaya ake tono wannan ba tare da an yi wa mutum titsiye ba? Kada ki taɓa buɗe hira da "nawa kike da shi?" Tambaya ce mai kunyatarwa, mai kuɗi za ta rage, mara kuɗi za ta gudu. Fara da taron: "Hajiya, na biki ne ko na sawa a gida?" Ta amsa, sai ki bi da ranar. Idan hira ta yi daɗi ki ƙara ɗaya: "Wacce kika taɓa saya ba ki ji daɗinta ba, don in kauce mata?" Wannan ta ƙarshen ita ce mabuɗi, domin mutane sun fi sakin baki a kan abin da ya ɓata musu rai. Tambaya ɗaya a saƙo ɗaya, ki jira amsa. Masu koyar da kasuwanci suna son kawo dabarar kamfanin Toyota ta tambayar "me ya sa" sau biyar har a kai tushen matsala. Wannan na inji ne. Hajiya kika yi wa "me ya sa" sau biyu ta ɗauka tuhuma ce. Tambaya uku ta wadatar, sauran ki karanta daga abin da ta tsallake.

Mataki na uku: ki san abin, amma kada ki furta shi

Kuskuren da ke biyo bayan ganewa ya fi rashin ganewar muni. Wata ta gane kishi na sa a sayi kaya, sai ta rubuta "kar ki bari kishiyarki ta fi ki". An yi dariya, an tura wa juna, babu wadda ta saya, saboda duk wadda ta yi oda a ƙarƙashin wannan rubutun ta amsa laifi ke nan. Ciwon da mutum ya ɓoye ba a nuna masa shi da yatsa. Ki faɗi sakamakon da take so, ki bar dalilin a cikinki. Maimakon ambaton gori, ki ce "haɗin lefen da za a buɗe hankalinki kwance". Maimakon "ba ma damfara", wanda duk ɗan damfara ma yana rubutawa, ki nuna hujja.

Hujjar nan tana da ɗan kuɗi amma ta fi tallar da ake biya arha. Yanki rabin yadi daga turmi ɗaya, ki jiƙa a farin bokiti da sabulu, ki ɗauki bidiyo ba tare da yankewa ba har ki matse a ga ruwan. Turmin da ya ragu daga yadi shida ki ɗinka wa kanki, ya zama abin nunawa. Hoto kuma a waje za a ɗauka, a inuwa, da safe ko bayan la'asar, ba filta, ba hasken kwan ɗaki da ke mayar da ruwan toka shuɗi. Ki nuna bakin atamfar inda tambari yake. Idan kwaikwayo ce ki ce kwaikwayo ce, tana da masu sayenta.

Kowane talla damuwa ɗaya zai ɗauka, kuma da kalmomin da kika kwafa a littafinki za ki rubuta shi. Idan mata shida sun ce "wadda ba ta yi yawa a gari ba", to rubutunki ke nan, kada ki canza shi zuwa wata Hausar boko. Hoto biyar zuwa bakwai a rana ya isa. Talatin ɗin nan dannawa kawai ake yi a wuce.

Wani abu a gefe: "saura biyu kacal" alhali dila na ɗaki, ki bar shi. Yana aiki sau ɗaya, ranar da ta ga kin sake ɗora kayan bayan mako biyu kin rasa ta, ga kuma hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Haka ɗora hoton hirar kwastoma don nuna yabo: ki nemi izini, ki goge suna da hoto, kuma cinikin lefe kada ki ɗora shi sam, sirrin gida biyu ne.

Sauran matakan

Gwaji ba wuya. Kaya ɗaya, rubutu biyu, kwana daban tunda sitatus awa 24 yake yi. Ki ƙirga waɗanda suka yi magana, ba waɗanda suka kalla ba. A WhatsApp Business ki yi wa mutane lakabi da taronsu, lefe, anko, sallah, suna, yadda tallar lefe ba za ta je wa wadda ta aurar bara ba. Jerin tura saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar lamba 256, kuma wanda bai ajiye lambarki ba saƙon ba zai same shi ba, don haka ki roƙi a ajiye tun a cinikin farko.

Tsakanin biyan kuɗi da isowar kaya shi ne lokacin da zuciyarta ta fi bugawa. Da alat ya shigo ki amsa, ki tura hoton ƙunshin da sunanta a jiki, in ta tasha za a aika ki ba ta lambar direba da lokacin da motar ta tashi. Kwana biyu bayan taron ki tura gajeren saƙo: "Anti, ya taro? Da fatan an fita kunya." Abin da ta amsa, mai daɗi ko akasinsa, ki kwafe shi a layi na uku na littafin nan.