Yadda na kawar da baƙin ɗigo a hotunan tafiyar hunturu

Daga Legas zuwa Abuja ta Lakwaja, hotunan Kogin Neja da Dutsen Zuma duk suka fito da baƙin ɗigo a sararin sama, kullum wuri ɗaya. Goge gilashin kyamarar bai yi komai ba, canza shi ma haka. Ashe ƙurar hunturu ce ta kwanta a kan sensa, wato farantin cikin kyamara da ke ɗaukar hoto.

Don in tabbatar, na tsuke ƙofar hasken gilashin zuwa f/16, na sa ISO (ma'aunin jin hasken sensa) a 100, na ɗauki hoton farar takarda: ɗigon ya fito ƙarara, da na buɗe ƙofar zuwa f/4 kuwa ya ɓace. Na cika batir, na kunna tsarin goge sensa, na cire gilashin, na kife kyamarar, na hura da famfon roba. Ban da hurawa da baki, yawu zai bi. Wanda ya ƙi tashi, sai da magogin sensa, ɗigo biyu na ruwan goge sensa, shafa ɗaya tak. Alhamdu lillahi, hotuna sun fito tas.